Marigayi Waziri Junaidu, Dattijon Da Ya Tsare Takardun Magabata

 A filin tarihin magabata na wannan fitowa za mu leƙa Sakkwato ne, amma bari mu fara daga gida, Maiduguri.

Duk wanda yake garin nan a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu, ya san abin da aka gani. Dattawanmu kuma sun tuna irinsa a 1994. Katifa da kwano, wanda Allah Ya hore wa ya sake saye. Amma akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, mai ɗauke da Alƙur'ani rubutun hannun kaka, da wasiƙun ajami da iyaye suka riƙa aikowa daga Hadeja ko Yawuri ko Argungu, wannan kam babu kasuwar da ake sayar da shi. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da ya ƙare rayuwarsa wajen tsare irin waɗannan takardu, wato Wazirin Sakkwato Alhaji Junaidu, Allah Ya jiƙansa.

An haifi Malam Junaidu a birnin Sakkwato a 1906. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari, ɗan Ahmadu, ɗan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Mahaifiyar Ahmadu kuwa ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. To, sai an fahimci wannan gida kafin a fahimci mutumin, domin shi gidan Waziri gidan takarda ne tun asali. Wasiƙar da Sarkin Musulmi zai aika wa sarakunan gabas, su Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa, ta hannun Waziri take bi, amsa ma ta nan take dawowa. Giɗaɗo shi ne Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma marubuci ne, shi ya wallafa Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu. Bayan rasuwar Shehu a 1817, shi da Nana Asma'u sun yi aikin tattara rubuce-rubucensa, littattafan da tun hijirar 1804 daga Degel zuwa Gudu ake ɗora su bisa raƙumi ana yawo da su cikin yaƙi da yunwa.

A nan ne tarihin gidan ya taɓo ƙasar da muke zaune. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Laminu, wato Muhammadul Amin Elkanemi, ya rubuta wa shugabannin jihadin yana neman hujjar da ta sa ake yaƙar Barno alhali ƙasar Musulmi ce tun da daɗewa. Aka yi ta musayar wasiƙu, kowane ɓangare da hujjojinsa na malanta. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, Muhammadu Bello ya kwafi waɗannan wasiƙu, har da masu sukarsa, ya sa su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812. Ka ga ke nan maganar Shehu Laminu ta iso gare mu ne ta hannun wanda yake jayayya da shi. Da a Kukawa kaɗai aka ajiye su, Allah kaɗai Ya san makomarsu sa'ad da Rabe ya ƙone garin a 1893.

Turawa ma ta wannan gida suka bi. Baturen Ingila Clapperton, wanda ya zauna a Kukawa tare da abokin tafiyarsa Denham, ya isa Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya sauke shi. Ya koma gida da wasiƙar Bello zuwa ga Sarkin Ingila, kuma littafin tafiyarsu da aka buga a Landan a 1826 yana ɗauke da fassararta tare da ta Shehu Laminu. Bugun farko na wannan littafi yana cikin irin waɗanda masu tara tsofaffin littattafai a Turai ke nema da kuɗi masu kauri.

Shekara uku kafin haihuwar Junaidu, gidan ya gamu da babbar jarrabawa. Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, har ya yi shahada a Burmi cikin Yulin shekarar. Waziri Buhari ya fita garin shi ma, amma daga baya ya komo ya zauna da Turawa don kada jama'a su rasa jagora, ya kuma rubuta risala yana bayyana wa malamai dalilinsa. A gidansa Turawa suka tarar da tarin wasiƙun Larabci sama da ɗari, na sarakuna zuwa ga Sarkin Musulmi da Waziri, da yawansu suna ba da labarin yadda Nasara ke matsowa. Har da ta Lamiɗo Zubairu na Adamawa bayan an fitar da shi daga Yola a 1901. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fitar da fassararsu da Turanci a 1927. Wato asirin gidan ya fita duniya da harshen wasu, a lokacin da ɗan gidan yake saurayi mai shekara 21 yana zaune bisa buzu gaban malamai.

Waziri Buhari ya rasu a 1910, Junaidu na da shekara huɗu. Ya tashi a hannun manyan gidan, ya yi karatun allo, ya wuce karatun zaure wurin malaman Sakkwato irin su Malam Abubakar Bube. Bai bi hanyar boko ba, amma boko ta neme shi: cikin shekarun 1930 aka ɗauke shi koyar da Larabci da addini a Midil ta Sakkwato, daga nan ya shiga aikin fada. A 1948 aka naɗa shi Waziri bayan yayansa Abbas. Ya riƙe sarautar kusan shekara 49, ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Ibrahim Dasuki da Muhammadu Macciɗo wazirci. Batun siyasa da majalisu da ya zauna ciki mun bar wa wasu, mu takarda ta kawo mu.

Mai karatu, a wurin Bature mai tara littattafai abin alfahari shi ne bugun farko, ko wanda marubucin ya sa wa hannu. A wurin malamanmu da ba su da injin ɗab'i, daidai da wannan shi ne littafin da mawallafi ya rubuta da hannunsa, ko wanda almajirinsa ya kwafa a gabansa. Kowane kwafi da ya biyo baya yana iya zuwa da kuskure, mai kwafa ya yi gyangyaɗi ya tsallake layi, ko ya ga kalmar da bai gane ba ya gyara ta da son ransa. Saboda haka mai tara irin waɗannan littattafai dole ya zama malami. Zai duba ƙarshen littafi inda mai kwafa kan rubuta sunansa da na wanda ya yi wa aikin. Zai ɗaga takardar ya haska ta ga rana, ko zai ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus. Littattafan kuma ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Idan iska ta watsa su, ko magada suka raba littafi ɗaya gida uku don kowa ya sami albarka, sai wanda ya san karatun ne zai iya bin kalmar nan da ake rubutawa a gindin shafi ya mayar da kowace warƙa mazauninta.

Wasiƙu sun fi wuya. Yawancin wasiƙun fadar Sakkwato na wancan ƙarni ba su da kwanan wata. Hatimi ne a sama, sai sunan mai aikowa da wanda aka aika wa, sai gaisuwa, sai magana a gajarce, domin sauran bayanin yana bakin manzo. Kafin ka ce wannan ta zamanin wane ce, sai ka san hatimin kowane sarki, ka san wane ne ya gaji wane, ka san rigimar da ake magana a kai. Mu 'yan kasuwa ai mun san irin wannan: littafin bashin fatoma, in ba shi ko yaronsa ba, wa zai gane cewa layin nan na kwalin bandar da aka loda wa wane ne?

Wannan ilimi shi ne Waziri Junaidu ya haɗa da abin da ya gada. Ya riƙe littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu da na Bello, da na kakanninsa waziran farko, da wasiƙun da suka rage a gidan, ya ƙara a kai, har taskarsa ta zama wadda duk mai binciken tarihin daular ke fara sallama a ƙofarta. Sunan babban littafinsa na tarihi ma ya nuna halinsa: Dabɗul Multaƙaɗati, ma'ana daidaita abubuwan da aka tsinto daga labaran da suke warwatse cikin littattafai. Akwai kuma Tarihin Fulani da Hausa, wanda aka buga a Zariya cikin shekarun 1950. Wanda duk yake da wancan bugu na farko a gida, to ya riƙe shi da kyau, don ba a samunsa a kan tebur a bakin masallaci. Ya yi waƙoƙi da Larabci, ya rubuta labarin tafiye-tafiyensa, ya yi rubutu a kan harshen Fulatanci.

Inda ya bambanta da masu tarawa da yawa shi ne bai kulle ba. Mun san malaman da in ka tambayi littafin kakansu sai su ce babu, alhali yana cikin tukunya gara na ci. Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya, don an sha aron littafi a tafi da shi ke nan, kuma gidan da aka taɓa kwashe wa wasiƙu ya fi kowa hujjar rowa. Amma shi Waziri ya zaɓi ya buɗe. A farkon shekarun 1960 wani saurayi Bature ɗalibin Jami'ar Ibadan, Murray Last, ya zauna a Sakkwato yana karatu a hannunsa, yana bin littattafai da wasiƙun gidan ɗaya bayan ɗaya. Daga nan littafinsa The Sokoto Caliphate ya fito a 1967, wanda babban kashinsa tarihin waziran ne. Wannan littafi ya taimaka ƙwarai wajen sauya yadda jami'o'i ke ba da tarihin ƙasar Hausa: maimakon dogaro da rahoton Razdan da Di'o, aka koma ga abin da mutanen da kansu suka rubuta. A wannan zamani ne kuma jami'o'in Ibadan da Zariya suka dukufa ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Arewa, don in asali ya salwanta a sami madadinsa.

Haka ya yi wa Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ya ba ta damar duba rubuce-rubucen Nana Asma'u da ke gidan, na Fulatanci da Hausa da Larabci. Ta fitar da tarihin Nana a 1989. Yau ana karanta Nana Asma'u a jami'o'in Amurka da Ingila, ana kafa hujja da ita a kan ilimin mata, kuma tushen abin warƙoƙi ne da zuriyarta suka hana gara da ɗigon damina su taɓa.

Kada a ɗauka buɗe ƙofa ga Turawa ya sa ya sallama musu. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, jawabin da ya yi bai tsaya ga godiya ba. Ya nuna wa malaman jami'a cewa makarantarsu dashe ce da saiwarta ke wata ƙasa, kuma ba za ta amfani jama'a ba sai ta san ilimin da ta tarar a ƙasar. Wanda ya kwana cikin littattafan Bello yana da bakin faɗin haka.

Allah Ya yi wa Waziri Junaidu rasuwa ran 9 ga Janairu 1997, yana da shekara 90 da 'yan kai. A cikin wannan shekarar ce Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar da kundin rubuce-rubucen Nana Asma'u a Amurka, da asalin harsunan da fassararsu. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato, inda ake ajiye tsofaffin littattafai da wasiƙun sarakuna, sunansa take ɗauke da shi. 'Yan uwanmu na Kabi da Sakkwato da ke zuwa gida da salla, in hali ya yi, su ratsa su gani da idonsu. Allah Ya gafarta masa, Ya kai haske kabarinsa, amin.