Diori Hamani, cinikin uraniyom da sharar da aka bar wa Arlit

Duk wanda ya san Arlit da Akokan ya san tuddan nan na tarkacen ma'adini da ke gefen gari. Tarihinsu ya faro ne daga zamanin shugaban Nijar na farko, marigayi Diori Hamani, wanda a ƙarƙashin mulkinsa aka buɗe mahaƙar uraniyom ta farko a ƙasar.

An haifi Diori ranar 6 ga Yuni 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi karatu a makarantar horar da malamai ta William Ponty da ke Senegal, ya koyar a Nijar, ya kuma koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN-RDA, kuma a shekarar ce aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1958, wadda Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka sha kaye a cikinta, Diori ya zama shugaban gwamnati. Shi ya karɓi ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Mulkinsa na jam'iyya ɗaya ne: an haramta Sawaba tun 1959, an kuma murƙushe boren da ta tayar a 1964 da ƙarfin tsiya.

Kafin ƴancin kai, a 1957, masu binciken ƙasa na Faransa da ke neman tagulla sun ci karo da uraniyom a Azelik. A Afrilun 1961 Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da ta ba Faransa fifiko a kan ma'adinai masu muhimmanci, har da uraniyom. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka gina garin Arlit domin ma'aikatansa, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Kason Nijar a kamfanin ƙarami ne, mai saye kuma shi ke yanka farashi.

Lokacin ne fari ya addabi ƙasar Sahel, dabbobi suka ƙare, makiyaya suka kwararo garuruwa neman abinci. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Faransa ta yanke shawarar gina tashoshin lantarki na nukiliya masu yawa. Diori ya ga dama ta samu. Hujjarsa ita ce a auna kuɗin uraniyom da yawan wutar da yake bayarwa, kamar yadda ƙasashe masu fetur suka yi da nasu arzikin. Ya nemi haɗin kan Gabon, wadda ita ma ke sayar wa Faransa uraniyom. A Maris 1974 tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna ta zo Yamai, aka tashi ba a daidaita ba. Shugaba Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Ranar 15 ga watan, Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnati, matar shugaban, Aïssa Diori, ta rasa ranta a daren. Sojojin sun kafa hujja da yunwa da karkatar da kayan agaji. Dakarun Faransa da ke Yamai ba su motsa ba, abin da ya sa har gobe ake muhawara kan rawar da cinikin uraniyom ya taka.

An tsare Diori har 1980, sannan aka yi masa ɗaurin talala har 1987. Ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko ranar 23 ga Afrilu 1989. Filin jirgin saman Yamai na ɗauke da sunansa.

Gwagwarmayarsa ta tsaya ne a kan kuɗin abin da ake ɗauka. Abin da ake bari a baya ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Daga tan ɗaya na dutse, kilo kaɗan na uraniyom ake samu bayan an niƙa shi an jiƙa da ruwan asid. Sauran dusar takan tsaya a wurin, tana riƙe da mafi yawan tururin nan mai cutarwa, tana fitar da iskar radon, kuma haɗarinta na ɗaukar dubban shekaru.

A can Faransa, bayan makamashin ya yi ƴan shekaru a tashar lantarki, ana sanyaya shi cikin ruwa, a kai shi masana'antar La Hague a ware uraniyom da fulutoniyom da za a iya sake amfani da su. Ragowar, kimanin kashi 4 cikin 100, ana narkar da ita cikin gilashi, ana kuma shirin binne ta a Bure, mita 500 a ƙarƙashin ƙasa. A Akokan kuwa, kamfanin Cominak, wanda aka kafa a shekarar da aka hamɓarar da Diori, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarkace kimanin tan miliyan 20 a fili. Tsarin da kamfanin ya gabatar shi ne a lulluɓe su da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu, yayin da ƙungiyoyin farar hula irin su Aghirin'man ke nuna damuwa kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da jama'a ke sha.

Diori ya bar darasin cewa mai kaya na da ikon faɗin kuɗin kayansa. Ga mutanen Arlit, lissafin bai cika ba sai an sa kuɗin kula da shara, da rijiyoyi, da lafiyar tsofaffin ma'aikata a cikin duk yarjejeniyar da za a ƙulla, ko da wa za a ƙulla ta.