Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Ɗan ƙauyen da ya sanya wa Turanci linzami

Kowa a cikinmu ya san fuskar da ke jikin takardar naira biyar, duk da dai yanzu ko ruwan leda ba ta saye. Amma da za a tambayi 'yan ajinmu me ya sa ake yi wa mai wannan fuskar laƙabi da mai muryar zinare, da yawa za su ce ai baiwa ce Allah ya ba shi, shi ke nan. Murya kam baiwa ce. Turancin da ke fita ta cikinta kuwa koyon sa ya yi, ya kuma ɗauki shekaru yana koyo.

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauci. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba basarake ba ne, hidima yake yi a gidan hakimi. Mahaifiyarsa Fatima Inna ce. Ya fara da allo kamar kowane yaro, sannan aka sa shi elemantare a garinsu, daga nan a 1925 ya wuce makarantar lardi a Bauci. A wancan zamani da Hausa ake karantar da yara a ƙananan azuzuwan Arewa, saboda haka sai da ya tasa kafin ya yi arba da Turanci sosai. Babu rediyo a gida, babu jarida, babu wani ɗan uwa da zai gyara masa lafazi. Ɗalibin da ya zo nan daga ƙauyukan Anka, Gummi ko Bukkuyum, wanda bai taɓa jin an yi cikakkiyar hira da Turanci ba sai a sakandare, ya san irin wannan mafarin. Har ma ya fi Abubakar gata, tunda shi akwai waya a aljihunsa.

A 1928 aka ɗauke shi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai. Ginin ƙasa ne, yana nan har yanzu an mayar da shi gidan tarihi. Shekara biyar ake yi, kuma makarantar ta yi suna wajen tsananta wa ɗalibai kan magana da Turanci da baki: yadda ake fitar da kowane sauti, inda ake tsayawa, inda ake ɗaga murya. Sa Ahmadu Bello, wanda daga baya ya yi aiki a Gusau tun daga 1938, shi ma can ya yi karatu, yana gaban Abubakar da aji biyu. Abin da Turawa suke so shi ne malaman da za su koyar a makarantun midil. Ba su yi niyyar ƙera waɗanda za su karɓe mulki daga hannunsu ba, amma haka ta faru.

Ya gama a 1933, ya koma Bauci ya kama koyarwa a Midil. Nan ne, a ganina, aka yi ainihin aikin, kuma nan ne masu ba da tarihinsa suka fi yin sauri su wuce. Sama da shekara goma mutumin nan yana tsayawa gaban yara kullum yana magana, har ya kai ga zama hedimasta. Wanda yake yi wa ɗan shekara goma sha uku bayani dole ya rage gudu, ya zaɓi kalmar da za a gane, ya kalli fuskoki ya ga ko saƙo ya shiga. Ku nemi jawabansa a YouTube ku saurara. Ba ya sauri ko kaɗan. Jimlolinsa ba su da sarƙaƙiya, ba ya jibga manyan kalmomin nan da wasu 'yan takarar ƙungiyar ɗalibai suke haddacewa daren jiya don su ruɗa mu da safe. Yana faɗin abu ɗaya, ya numfasa, ya faɗi na gaba. Muryar malamin aji ce.

Ga wani abu da ya kamata masu jin kunyar Hausa su sani. A shekarar da ya bar Katsina ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A wannan gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Abubakar, yana ɗan shekara ashirin da ɗoriya, ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da bauta ta raba shi da uwarsa, ita kuma ta bi sahara tana neman sa. Har yau ana karanta shi a makarantu, an fassara shi zuwa Turanci a 1967, an yi fim ɗinsa a 1976. Wato mutumin da aka fi yabo da Turanci a zamaninsa, littafin da ya bari na Hausa ne. Ya iya tsara zance a harshensa tukuna, sannan ya ɗauki wannan tsarin ya kai cikin na wasu.

Wajen 1943 matasan 'yan boko na Bauci suka kafa wani zauren tattaunawa, inda ake ajiye batu a yi muhawara a kai, wani lokaci har da jami'an Turawa a zaune. Malam Sa'adu Zungur yana ciki, haka Malam Aminu Kano wanda yake koyarwa a Midil ɗin. Su biyun masu zafi ne, Abubakar kuma mai sanyi. Zauren bai daɗe ba, don hukuma ba ta ji daɗin inda maganganun suka nufa ba, amma ya zama wurin gwajin baki. A 1945 aka tura shi Landan, Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara ɗaya. Ku lura, bai taɓa yin digiri ba. Takardar malanta ce a hannunsa, abin da ya kamata ya ɗan sanyaya zuciyar duk wanda aka taɓa yi wa gori da difloma.

Da ya dawo a 1946 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma Majalisar Dokoki ta ƙasa, inda ya zauna da irin su Nnamdi Azikiwe, mai digirori daga Amurka da jaridu nasa na kansa. Ba a ji ya daburce ba.

Amma ranar da aka gane cewa ƙarfin halinsa ya wuce iya lafazi ita ce a watan Agusta na 1950, a majalisa a Kaduna. Ya miƙe ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi. Ya yi magana kan yadda aka tara iko a hannun mutum ɗaya, da cin hanci, da yadda ba a tambayar talaka ra'ayinsa. Ku duba wanda yake faɗa: ma'aikacin En'e ta Bauci, ɗan mai hidima a gidan hakimi, a zauren da yawancin waɗanda ke ciki 'yan En'e ne. Aikinsa da mutuncinsa a gida duk suna iya tafiya. Ya faɗa cikin ladabi, amma ya faɗa. Gwamnati ta sa aka yi bincike, aka shiga gyare-gyaren da suka kai ga sabuwar dokar En'e ta 1954. Da yawa cikinmu abin da ke hana mu ɗaga hannu a aji, ko yake sa gwiwa rawa ranar kare furojet, tsoron kada a yi mana dariyar nahawu ne. Shi abin da ke gabansa ranar nan ya fi dariya nauyi, kuma abin da ya tsayar da shi shi ne ya san batun ciki da waje, don a cikinsa ya girma.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa: ministan ayyuka a 1952, sannan na sufuri, sannan firaminista a 1957. Tun farko yana da shakku kan ko Nijeriya za ta zama ƙasa ɗaya, ya kuma faɗi haka a fili a majalisa. Ziyarar da ya kai Amurka a 1955, don duba yadda ake sufuri a kan kogunansu, tana cikin abin da ya sauya masa tunani. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ya yi jawabin 'yancin kai a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa. Ranar 7 ga watan yana New York, yana magana gaban Majalisar Ɗinkin Duniya bayan an karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99, inda ya daɗe yana bayani kan rikicin Kwango. A Yulin 1961 Shugaba Kennedy ya karɓe shi, ya kuma yi jawabi ga 'yan majalisar dokokin Amurka.

Ba zan ce komai nasa ya tafi daidai ba. Daɗin baki bai kashe wutar da ta tashi a Jihar Yamma ba, wadda ta kai ga dokar ta-ɓaci a 1962, bai warware rigimar ƙidayar jama'a ba, bai kuma wanke zaɓen 1964 da na Yamma a 1965 daga zargin maguɗi ba. Akwai masu ganin sanyin nan da ya yi masa amfani a kan mumbari, shi ne ya sa ya yi jinkiri lokacin da ƙasa ke buƙatar a yanke hukunci da wuri. Ina ganin suna da hujja.

A watan Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas, kan batun Rodeshiya, shi ne kuma ya shugabanci zaman, Firaministan Birtaniya Harold Wilson yana cikin masu sauraro. Kwana uku da watsewar taron, cikin daren 15 ga Janairu, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas, yana da shekara 53. Aka kai shi Bauci aka yi masa sutura.