Byang Kato: Malamin Kwoi da Ya Ja Daga Kan Aƙida

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari ya san sunan wannan coci. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san Byang Kato, wanda ya riƙe muƙamin babban sakatarenta daga 1967, yana ɗan shekara talatin da ɗaya kacal.

An haife shi a 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yau. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne. Yana ɗan shekara 12 ya karɓi Kiristanci a makarantar mishan ta SIM, abin da bai yi wa mahaifinsa daɗi ba da farko. Ya yi karatu a Igbaja, ya wuce Landan, daga baya ya tafi Dallas ta Amurka, inda ya sami digirin digirgir a 1974.

Zamaninsa zamani ne na samun 'yancin kai. Malaman coci a Afirka suna ta tambaya: shin Kiristanci zai ci gaba da zama da rigar Turawa? John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan sun rubuta littattafai suna nuna cewa kakanninmu sun san Allah tun kafin zuwan 'yan mishan, don haka a daina raina addinin gargajiya.

Nan ne Kato ya ja daga. Bai ƙi a yi sujada da harshen gida da kiɗan gida ba, shi ma yana so coci ta zama ta 'yan Afirka. Abin da ya ƙi shi ne a taɓa tushen aƙida. A ganinsa, idan aka ce addinin gargajiya ma hanyar ceto ne, to an gauraya gero da tsakuwa, kuma ƙarshen tafiyar barin bangaskiya ne. Ya zuba wannan hujja a littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975, ya kama sunayen Mbiti da Idowu ƙarara, ya kuma soki Majalisar Coci-coci ta Duniya.

Masu sukarsa ba su yi shiru ba. Sun ce bakin mishan na Amurka ne kawai, kuma bai yi wa Mbiti adalci ba. Shekaru bayan rasuwarsa, Kwame Bediako na Gana ya sake auna ra'ayinsa ya same shi da tsauri. Mu dai a namu ganin, kiran sa ɗan amshin shatan Turawa ya yi nauyi: mutumin da ya tashi a gidan gargajiya, abin da ya sani yake magana a kai. Sai dai harshensa yana da kaifi, kuma kaifin ya toshe kunnuwan da ya so su saurare shi.

Tun 1973 yake babban sakataren ƙungiyar 'yan bishara ta Afirka da Madagaska a Nairobi, ɗan Afirka na farko a kujerar. Bai daɗe a kanta ba. A ranar 19 ga Disamba 1975 ruwa ya ci shi a gaɓar teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39. Makarantun tauhidi da ya yi fafutukar kafawa a Bangui da Nairobi, bayan ransa aka buɗe su.