Gordon Guggisberg: Injiniyan da ya zama gwamnan Gwalkwas

Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwa muna tambaya, idan yaro ya karanta aikin injiniya haɗe da gudanarwa, ina zai samu abinci? Tarihin Gordon Guggisberg zai ba mu haske.

An haife shi a garin Galt na ƙasar Kanada a 1869. Ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila a 1889. Daga 1902 zuwa 1908 ya yi aikin safiyo a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, yana auna ƙasa yana zana taswira. Daga nan ya shugabanci irin wannan aiki a Najeriya, ya kuma halarci Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A 1919 aka naɗa shi gwamna. Bai tsaya ga sanin ƙarfe da siminti kaɗai ba, ya zauna ya tsara shirin raya ƙasa na shekara 10, da lissafin kuɗi da ma'aikata. A zamaninsa aka buɗe asibitin Korle Bu a 1923, aka kammala layin dogo daga Accra zuwa Kumasi a shekarar, aka buɗe kwalejin Achimota a 1927. Tashar jiragen ruwa ta Takoradi da ya fara ginawa an buɗe ta a 1928. A nan arewa, an kafa makarantar koyon sana'a a Yendi a 1922, inda yara suka koyi kafinta da gini.

Amma kada mu manta ɗan mulkin mallaka ne, koko da zinariyar kudu aka fi yi wa hanya. Layin dogon da ya so ya kawo arewa bai samu kuɗi ba. Ya bar mulki a 1927, ya rasu a Ingila a 1930.

Har yau albasar Bawku da doyar Salaga a mota suke tafiya kudu, mu ke biyan kuɗin dako da asarar kayan da suka ruɓe a hanya. Aikin da ya bari yana jiran masu iya zane da kuma lissafin kwangila. Irin waɗannan ake nema a hukumar hanyoyi, da tashoshin Tema da Takoradi, da madatsar Akosombo, da mahaƙar zinariya ta Obuasi. Wanda ɗansa ke da kai, ya daure ya biya masa makaranta.