Benjamin Robins: ɗan tela da ya fara auna gudun harsashi

A ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku, a Birnin Gwari, mafarauta da 'yan sa-kai sun daɗe suna fuskantar 'yan bindiga masu AK-47 da bindigar toka. Kowa ya san ba a yi daidai ba. Amma mutumin da ya fara bayyana dalilin wannan rata ya rasu tun 1751.

An haifi Benjamin Robins a garin Bath na Ingila a 1707. Mahaifinsa tela ne marar hali, kuma iyayensa mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, wadda ta haramta yaƙi. Shi ya koya wa kansa lissafi, har ya zama ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society yana da shekara 20.

A zamaninsa babu wanda ya san gudun harsashi idan ya bar bakin bindiga. Sai Robins ya rataye katako mai nauyi a jikin ƙarfe kamar lilo, ya harbe shi, ya auna nisan da ya yi baya. Tunda ya san nauyin katakon da na harsashin, lissafi ya ba shi amsa: kimanin mita 500 a daƙiƙa ɗaya, ya fi gudun sauti. Ya wallafa sakamakon a littafinsa na 1742.

Da ya riƙa matsar da lilon nesa, ya ga iska tana cinye gudun dunƙulallen harsashin dalma cikin ɗan taƙi, fiye da yadda masana suka zata. Ya kuma jera takardu a kan hanyar harsashin, ya ga ba ya tafiya ɗoɗar. Yana fita yana juyi barkatai, sai ya karkace, kamar ƙwallon da ɗan wasa ya murza.

Maganin da ya kawo shi ne a yi wa cikin bututun bindiga zane mai murɗiya, a kuma tsawaita harsashin. Ya yi hasashen cewa ƙasar da ta fara wadata sojojinta da irin wannan makami za ta fi ƙarfin sauran. A 1745 masanin lissafi Leonhard Euler ya fassara littafin zuwa Jamusanci.

Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, 'yar uwar wadda Robins ya gwada ce. AK-47 kuwa irin wadda ya hango ce: harsashinta na fita da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa, ya riƙe saiti har mita ɗari uku, kuma gidan harsashinta na cin 30. Kafin mafarauci ya sake ɗura albarushi, an gama da shi. Jarumtaka da sanin daji ba sa cike wannan giɓi, kuma da rayuka mutanen Birnin Gwari suka biya kuɗinsa.

A 1749 kamfanin East India ya naɗa Robins babban injiniyansa, ya tafi Indiya gyaran ganuwoyi. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a sansanin Fort St David ranar 29 ga Yuli, 1751, yana da shekara 44. Sai bayan kusan shekara ɗari rundunonin Turai suka rungumi shawararsa.