Tunawa Da Marigayi Ali Baba, Ɗan Garwa Da Ya Kai Hausa Birnin Faris

Duk wanda ya taɓa cinikin kaset a kasuwar Garwa ko Mubi ko Banki a shekarun 1980, ba sai an gaya masa wane ne Ali Baba ba. Amma yaranmu na yau, in ka ambaci sunan, sai su zaci na tatsuniyar Larabawa ake nufi. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihinsa.

Sunansa na yanka Amadu Baba Ali. An haife shi a Garwa, bakin kogin Binuwai, a 1956. Da rawa ya fara yin fice, har ya shiga ƙungiyar rawa ta ƙasar Kamaru, inda ya yi aiki daga 1980 zuwa 1984. Daga nan ya nufi Faris, babban birnin Faransa.

A wancan zamani makossa na mutanen Duwala ne ya mamaye rediyo da faifai, kiɗanmu na arewa kuwa ana ganin iyakarsa fada da gidan biki. Ali Baba bai yarda da haka ba. Ya shiga ɗakin ɗaukar sauti, ya gauraya kiɗan gida da jita mai lantarki da gangunan zamani, ya rera da Hausa da Fulatanci. Faifansa Kaï Haba ma, sunansa furucin nan ne da muke yi kullum idan mai saye ya taya kaya da arha.

Ya dawo gida a 1985, sai ciwo ya kama shi, har tafiya ta riƙa yi masa wuya. Duk da haka ya kafa kamfanin Soul Gandjal domin ya tallafa wa mawaƙan arewa su ma su fitar da nasu. Bai ga cikar burinsa ba, Allah ya yi masa rasuwa ranar 15 ga Mayu, 1989, bai haura shekara 33 ba.

Yau kaset ya zama tarihi, zafi da ƙura na cinye ragowar. Muna roƙon 'yan kasuwarmu, duk mai tsohon kaset ɗinsa a akwati ya ba da a juye shi a kwamfuta tun bai lalace ba.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.