Karl Linne, Mai Raɗa wa Tsire-tsire Suna

An haifi Karl Linne a ƙasar Suwidin a shekara ta 1707. Ubansa fasto ne mai son lambu. An so yaron ya gaji ubansa a aikin ikkilisiya, amma zuciyarsa tana ga furanni. Ya koyi aikin likita, daga bisani ya zama malami a jami'ar Uppsala. Shi ne ya kafa hanyar ba kowane tsiro da dabba suna biyu, wadda masana ke bi har wa yau.

Da fari ya koyar cewa kowane iri yana nan yadda Allah ya halicce shi, ba ragi ba ƙari. Amma a 1742 wani almajiri ya samo tsiro mai ganye da kara irin na wani sanannen tsiro, furensa kuwa dabam. Linne bai ɓoye abin ba, ya rubuta a kansa a 1744. Da tsufansa ya ɗauka Allah ya halicci iri kaɗan na asali, sauran kuwa sun fito ta wurin barbarar juna. Ya rasu a 1778.

A 1859 Darwin ya koyar cewa ƙananan canje-canje, in sun taru cikin dogon zamani, suna haifar da manya, yawancin masana kimiyya kuwa sun tsaya a kan haka. Waɗansu Kirista sun yarda da ƙaramin canji kaɗai, suna kafa iyaka da kalmar iri ta Farawa sura 1.

Ya mai karatu, kafin ka shiga wannan gardama, ka koyi halin Linne, gama da ya ga abin da ya saɓa wa koyarwarsa, koyarwar ya gyara.